KIYAYE IDO TUN YANA GANI

Ya ku masu gida da matan gida, wannan ɗan littafi naku ne. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure ko a tsakar gida, don kowa ya ji. Zancen ido za mu yi: cututtukan da ke kama shi, da yadda a ke tsare shi, da inda za a kai shi in ya kamu, da kuma hanyar biyan kuɗin magani.

A ƙauye in mutum ya makance sai a ce tsufa ne, ko a ce jifa aka yi masa. A sassaƙa masa sanda, a ba shi yaro ja-gora, shi ke nan an gama. Manomi ya bar gona, yaron da ke jansa kuma ya bar makaranta. Makantar mutum ɗaya ta tsai da mutum biyu ke nan.

To, ku ji abin da likitoci suka gano. Daga 1 ga wannan aiki har ƙarshensa, watau daga shekarar 2005 zuwa 2007, an zaga Nijeriya duka an auna idon mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Aka tarar kamar mutum 4 cikin 100 makafi ne, abin kuwa ya fi yawa a Arewa. Amma cikin makafi 100, makantar 84 ta abin da a ke iya hanawa ne, ko abin da a ke iya warkarwa. Watau yawancin makafinmu da ba su makance ba in da an zo da wuri, kuma da yawansu har yanzu suna iya sāke gani.

YADDA IDO YA KE

Ido kamar ɗaki ne mai ƙofa ɗaya. Abu uku ya kamata ku sani a cikinsa.

Na fari, a gaban baƙin ido akwai wata fata garau kamar gilashi. Ta nan haske ke shiga. In ta yi gyambo ta warke, sai ta bar farin tabo. Shi ne hakiya.

Na biyu, a bayan wannan akwai wani ɗan madubi, girmansa bai fi ƙwayar wake ba, shi ke tattara haske. In ya dushe ya yi fari, shi ne yana.

Na uku, can ƙuryar ido akwai jijiyar gani, ita ke kai abin da aka gani ga ƙwaƙwalwa.

Fatar gaba tsare ta a ke yi tun ba ta ɓaci ba. Madubin ciki likita na iya cire shi ya sa wani. Jijiya kuwa in ta mutu ta mutu, babu likitan da ke tā da ita. Ku riƙe wannan, don duk abin da za mu faɗa nan gaba a kansa ya ke.

JAN IDO DA KWANTSA

Wannan shi ne ciwon idon da aka fi kawowa ɗakin magani. Ido ya yi ja, yana ruwa, da safe kwantsa ta like shi. Akwai irin wanda ke bin gari gida gida, wanda mu ke kira Afolo. A Ghana aka fara ganinsa a 1969, shekarar da jirgin Amurka mai wannan suna ya sauka a kan wata, shi ya sa aka laƙaba masa sunan. Afolo ya kan warke da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Abin da ya ke bukata tsabta ce. A tafasa ruwa ya huce, a goge kwantsa da tsumma mai tsabta. A wanke hannu da sabulu. Mai ciwon ya ware tawul ɗinsa da matashinsa.

Afolo ba ya cika makantarwa. Abin da a ke ɗigawa cikin ido ne ke makantarwa. Mun ga idon da aka zuba wa fitsari, da ruwan suga, da lemon tsami, da ruwan albasa, da garin taba, da ruwan batir, da tsime-tsimen ganye. Ciwon kwana bakwai ya zama hakiya ta har abada. Garin neman gira an rasa ido.

Haka kuma kada ka je kanti ka ce a ba ka maganin jan ido. Akwai wani irin maganin ɗigawa mai ƙarfi, yana kwantar da ja da ƙaiƙayi nan da nan, har ka ce ka dace. Amma in akwai gyambo a idon sai ya faɗaɗa shi, in kuma aka daɗe ana sa shi ya kan jawo yana da hawan jinin ido. Yaran nan masu ƙaiƙayin ido kullum, waɗanda farin idonsu ya rine, su aka fi cuta da shi. Likita kaɗai ke ba da irin wannan.

In jan ido ya zo da zogi mai tsanani, ko gani ya ragu, ko ba a iya kallon haske, ko an ga farin ɗigo a baƙin ido, wannan ba Afolo ba ne. A tafi asibiti a ran nan.

AMODARI

Amodari, wanda waɗansu ke kira amosanin ido, likitoci kuwa suna ce masa tarakoma, ciwon ƙasar ƙura da ƙarancin ruwa ne. Wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani ke kawo shi. Tana zaune cikin kwantsa da majinar ƙananan yara. Hanyoyinta uku ne: yatsu, da tsumma ko bakin zanen da a ke share wa yara fuska, da ƙuda. Ƙudan nan da ke sauka a idon yara, a kashin mutum da aka bari a fili ya fi son yin ƙwai. Ya tashi daga idon wannan ya sauka a na wancan.

A yaro abin kamar wasa ne, ɗan ja da ɗan ƙaiƙayi. Amma ya kamu ya warke, ya sāke kamuwa, shekara da shekaru. Ko wane kamu sai ya bar tabo a cikin fatar ido ta sama. Sa'ad da mutum ya girma tabon ya tattare, fatar ta lanƙwashe ciki, gashin ido ya juya yana gogar ƙwayar ido. Ko wace ƙiftawa kamar an ja ƙaya. A kwana a tashi fatar gaba ta dushe, gani ya tafi. Mata sun fi maza makancewa da shi nesa ba kusa ba, don su ke fama da yara dare da rana.

Za ku ga tsohuwa da hantsaki rataye a wuya, tana sa jika ya cire mata gashin ido. Cirewa na ba da sauƙin kwana kaɗan, amma gashin zai sāke tsirowa, guntunsa kuwa ya fi dogonsa kaifi. Maganinsa ɗan ƙaramin aiki ne a fatar ido, a juyo da gashin waje. Ba a taɓa ƙwayar ido. Bai fi rabin sa'a ba, mutum ya koma gida a ran nan.

Abu huɗu ke kashe amodari a gari:

1. Aikin fatar ido ga wanda gashinsa ya juya.
2. Magani. In an zo rabon Zithromax, kowa a gidan ya sha, mai ciwo da marar ciwo, don a kashe cutar gaba ɗaya. Jariran da ba su kai wata 6 ba man shafawa a ke sa musu a ido. In an ba ku man tetarasaikilin don amodari, sau 2 a rana ne har mako 6.
3. Wanke fuskar yara ko wace safiya da maraice. Kada a ce babu ruwa. In ana tsiyayawa da buta, moɗa guda ta isa yara uku. Fuska mai tsabta ba ta tara ƙuda.
4. Masai a ko wane gida, da murfi. Kashin yara ma a zuba shi ciki. A share tsakar gida, a nisanta turken dabbobi da wurin kwana.

Kada ku ce ba shi yiwuwa. Ghana ta yi haka, a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida amodari ya daina zama annoba a can. Mali da Benin suka bi baya a 2023.

IDON YARA

Ke uwargida, wannan sashe naki ne.

In idon jariri ya kumbura yana zubar da mugunya tun bai cika wata ɗaya ba, kada ki tsaya matsa masa nono, kada ki jira suna ya wuce. Sau da yawa ciwon sanyi ne ya ɗauka wajen haihuwa, yana kuwa iya huda ido cikin kwana biyu ko uku. A kai shi asibiti a ran nan. Uwa da uba su ma a ba su magani.

Ƙyanda, watau baƙon dauro, ta makantar da yara da yawa a ƙasar nan. Tana ƙone wani sinadari na jiki da a ke kira bitamin A, wanda shi ke riƙe da lafiyar fatar gaban ido. In ya ƙare sai idon ya bushe, ya yi gyambo, ya narke. Rigakafin ƙyanda a wata 9 a ke yi, a sāke a wata 15. In yaro ya kamu, kada a kulle shi a ɗaki ana ɗiga masa magungunan gida. A kawo shi a ba shi bitamin A.

Alamar fari ta ƙarancin bitamin A ita ce dundumi. Da magariba ta yi sai yaro ya riƙa tuntuɓe, yana lalube, ba ya ganin kwanon tuwo. Ana ɗiga wa yara bitamin A a baki tun daga wata 6 har su cika shekara 5, sau 2 a shekara. Shuɗin ƙwanso na 'yan ƙasa da shekara ɗaya ne, ja na waɗanda suka fi haka. A abinci kuma akwai shi cikin zogale, da alayyafo, da kabewa, da karas, da manja, da mangwaro, da gwanda, da ƙwai, da hanta, da nonon uwa. Yawancinsu a bayan gidanku su ke.

In kin ga tsakiyar baƙin idon yaro ya yi fari, ko yana ƙyalli da dare kamar na kyanwa, kada ki jira ya girma. Ko yana ce, ko kuwa ciwon daji na ido, wanda ke kashewa in an yi jinkiri.

Kwalli kuma, yawancinsa akwai dalma a ciki, dalma kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Ga shi maciyin kwalli ɗaya ya kan zaga ido goma ya raba musu ciwo. A bar sa wa yara.

YANA

Yana ita ce babbar mai makantar da manya. A binciken nan da muka faɗa, cikin makafi 100, 43 yana ce. Yawanci tsufa ke kawo ta, kamar yadda ya ke kawo furfura. Ciwon suga da bugu a ido su ma suna kawo ta. Ba ta zafi. Mutum ya riƙa gani kamar cikin hazo, hasken rana na kashe masa ido, har ya kai ba ya rarrabe kome sai dare da rana.

Babu maganin ɗigawa, ko na sha, ko tabarau, da ke wanke yana. Aiki a ke yi. Ga yadda ya ke, don ku daina tsoro. Ba a sa mutum barci, kashe zafin idon kawai a ke yi. Likita ya yi 'yar ƙaramar kafa, ya fitar da madubin da ya dushe, ya sa sabo na roba garau a gurbinsa. Aikin bai cika wuce rabin sa'a ba. Kashegari a buɗe idon. Zancen da a ke yi wai ana ƙwaƙule ido a wanke a mayar, ko wai ana sa wa mutum idon akuya, ƙarya ce. Ido ba ya barin gurbinsa. Kuma ba sai an makance sarai a ke zuwa ba. Da yana ta fara hana ka aikinka, lokaci ya yi. Tsufa ba ya hana aikin.

Bayan aiki a kiyaye ƙura da hayaƙin murhu, kada a murza idon, a ɗiga magani yadda aka faɗa, a koma ranar da likita ya sa.

Yanzu ga gargaɗi. Akwai masu yawo kasuwa kasuwa suna cewa suna cire yana. Ba cirewa su ke yi ba. Tsinke su ke sokawa su tura madubin ya faɗa cikin ƙuryar ido. Nan take mutum ya ga haske, ya ƙirga yatsu, jama'a su yi ta mamaki, a biya kuɗi da akuya. Kafin mako ya zagayo mai tsinke ya bar gari. Sa'an nan zogi ya tashi, ido ya kumbura ko ya yi mugunya, jijiya ta mutu. Ko wanda ya tsira ba ya gani sosai, don idonsa ba madubi. Masu binciken nan sun tarar fiye da 4 cikin 10 na idanun da aka taɓa sabo da yana, masu tsinke ne suka taɓa su. Cikin waɗannan kuwa kusan 3 cikin 4 makafi ne. Mai yana yana da sauran rabo, ko ya shekara biyar a duhu. Wanda aka kashe wa jijiya ba shi da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

HAWAN JININ IDO

Wannan shi ne ɓarawon gani. Likitoci na ce masa gilakoma. Ko da ya ke ana kiransa hawan jinin ido, dabam ya ke da hawan jinin jiki. Mai lafiyayyen jini ma yana kamuwa.

A cikin ido akwai wani ruwa da ke ɓuɓɓugowa kullum yana fita ta wata 'yar magudana. In magudanar ta toshe sai ruwan ya taru, ido ya yi tauri, ya danne jijiyar gani tana mutuwa kaɗan kaɗan. Yawanci ba zafi, ba ja, ba kwantsa. Ganin gefe ke fara tafiya. Mutum yana ganin gabansa sarai, amma yana karo da bakin ƙofa, akuya ta gilma ta gefensa bai gan ta ba. Kafin ya farga, abin da ya rage kamar mai leƙe ta cikin kara.

Shi ne na biyu wajen makantar da manya a Nijeriya. Kamar mutum 1 cikin 20 na masu shekara 40 zuwa sama yana da shi, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Amma in an gano da wuri ana tsare abin da ya rage, da maganin ɗigawa ko da aiki. Maganin na kullum ne har iyakar rai. Mutane da yawa su kan ɗiga kwalba ɗaya, su ce ba su ga canji ba, su bari. Ba don ya ƙara gani a ke sa shi ba, don ya hana raguwa ne. Mai asma ya faɗa wa likita, don akwai irin da ba ya sa wa.

Ciwon yana bin jini. In an same shi ga mahaifinka, ko mahaifiyarka, ko wanda kuka fito ciki ɗaya, je ka a auna naka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk wanda ya kai 40 ya je a duba ƙuryar idonsa ko da shekara biyu biyu ne. Mai ciwon suga kuwa ko wace shekara, don suga na fasa ƙananan hanyoyin jini na cikin ido ba tare da zafi ba.

MAKANTAR KOGI

Mutanen da ke zaune kusa da kogi mai gudu sun san wani ɗan baƙin ƙuda mai cizo da rana. Cizonsa na sa tsutsa a jiki. Ta yi ƙulli ƙarƙashin fata, ta haifi 'ya'ya dubbai masu sa ƙaiƙayi, in sun shiga ido su makantar. Maganinta Mectizan, wanda kamfanin da ke yin sa ya ke bayarwa kyauta tun 1987. Da sanda a ke auna tsawon mutum a ba shi. Ba a ba mai ciki, da yaron da bai kai shekara 5 ba, da mai ciwo mai tsanani. 'Ya'yan ya ke kashewa, uwar kuwa ta kan rayu har shekara 15, shi ya sa a ke sha ko wace shekara ba fashi. Maƙwabciyarmu Nijar ta rabu da wannan cuta, an tabbatar da haka a 2025, ita ce ta fari a Afirka.

TABARAU

In mutum ya haura 40 sai ganin kusa ya fara gagara. Zare ya ƙi shiga allura, tsintar shinkafa ta yi wuya, sai an miƙa takarda nesa kafin a karanta. Wannan ba cuta ba ce, madubin ciki ne ya yi tauri. Tabarau na karatu mai araha ya isa. Tabarau ba ya cinye ido, ba ya kuwa sa shi ya lotsa.

Yaro ma ya kan bukace shi. In yana tsuke ido, ko ba ya ganin allo sai ya matsa gaba, a auna shi kafin a ce daƙiƙi ne. Kada a ari na wani, ko wane ido da ma'auninsa.

Ga gwajin da za ku yi a gida. Da rana a fili, mutum ya rufe ido ɗaya da tafin hannu. Wani ya ja da baya taki 6 manya, ya ɗaga yatsu. A gwada dama, a gwada hagu. Idon da ya kasa ƙirgawa a kai shi a duba. Mutane da yawa ido ɗaya ya daɗe da tafiya ba su sani ba. Amma wannan gwaji ba ya kama hawan jinin ido, sai na'urar asibiti.

RAUNI

Lokacin girbi da sussuka ƙaiƙayi ko ganyen dawa kan karci ido. Kada a murza, kada a sa harshe ko tsinke. A zuba ruwa mai tsabta. In zafi ya kwana, a zo, don irin wannan karce ya kan zama gyambo da sauri.

In siminti, ko farar ƙasa, ko maganin feshi, ko ruwan batir ya shiga ido, ko kumurci ya yi tofi a ciki, a buɗe idon a yi ta tsiyaya ruwa har minti 20 tun kafin a nemi mota. In ƙaya ko ƙarfe ya huda, kada a cire, kada a danna, kada a sa kome. A kife ɗan kofi mai tsabta a kai a ɗaure, a tafi. A hana yara wasa da danƙo da tsinke, mai horo kuma ya nisanta bulala da fuska.

INA ZA A JE, WA ZAI BIYA?

A fara da ɗakin magani ko asibitin da ke kusa. Abin da ya fi ƙarfinmu mu kan rubuta takarda mu tura babban asibiti mai sashen ido. Akwai kuma asibitocin ido zalla, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano wanda ke aiki tun 1943, da Asibitin Ido na Makka, shi ma a Kano.

Mun sani abin da ke tsai da mutane kuɗi ne. To, ga hanyoyi.

Na ɗaya, akwai abin da ba a biya. Rigakafin ƙyanda, da bitamin A na yara, da Mectizan, da Zithromax na rabo, duk kyauta ne. Aikin gashin ido ma kyauta ne inda shirin yaƙi da amodari ke aiki. In wani ya nemi kuɗin maganin rabo, a faɗa wa dagaci ko shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Na biyu, taimakekeniyar lafiya, wadda a ke kira inshora. Kamar gayya ce. Kowa ya zuba kaɗan tun yana lafiya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga abin da aka tara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 2022 aka yi dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a gurbin tsohon shirin NHIS, ta kuma wajabta inshora a kan kowa. Jihohi suna da nasu hukumomi, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Ba ta ma'aikatan Gwamnati kaɗai ba ce. Manomi da ɗan kasuwa da mai sana'a suna iya biya na shekara su shiga.

Na uku, wanda ba shi da hali. Dokar lafiya ta 2014 ta ware wani asusu, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, don lafiya a matakin farko. Daga cikinsa a ke biya wa matalauta, da tsofaffi, da naƙasassu, da masu ciki, da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ba kowa ke samu lokaci ɗaya ba, rajista a ke yi a asibitin mazaɓa da aka zaɓa. Je ka tambaya, ka tafi da lambarka ta shaidar ɗan ƙasa.

Abin da inshora ke ɗauka na ido ya bambanta daga shiri zuwa shiri, daga jiha zuwa jiha. Sabo da haka kafin ka biya, yi tambaya huɗu:

1. Awon ido da maganin ɗigawa suna ciki?
2. Tabarau fa, duka a ke biya ko wani kashi?
3. Aikin yana da na hawan jinin ido suna ciki, a wane asibiti?
4. Yaushe katin zai fara aiki, yaushe zai ƙare?

Matambayi ba ya ɓata. Kuma mai kati ya fara da asibitin da aka rubuta masa, ya karɓi takardar turawa. In ya tsallake zuwa babban asibiti da kansa, ya yiwu ya biya daga aljihunsa.

Na huɗu, Gwamnati da ƙungiyoyin taimako su kan shirya aikin yana kyauta, galiba wajen Ranar Gani ta Duniya, watau Alhamis ta biyu ga watan Oktoba. Na gaskiya ta bakin hakimi da rediyo a ke shelarsa, a asibiti kuma a ke yi, ba a rumfar kasuwa ba. Amma jan ido mai zogi, da rauni, da idon jariri, da hawan jinin ido, ba sa jiran ranar kyauta.

Ko aiki kyauta ne akwai kuɗin mota, da abinci, da na ɗan rakiya, da komawa. Da kaka a ware ɗan abin da za a ajiye don wannan. Kai maigida, in idon matarka ko na mahaifiyarka ne, kada ka ce a bari sai an ga hali. Lissafa abin da za ka kashe yau, ka lissafa ciyar da makaho da ja-gorarsa shekara 20, ka ga wanne ya fi tsada.

ABIN DA ZA A RIƘE

1. A wanke fuskar yara kullum, a gina masai.
2. Kada a sa kome cikin ido sai abin da ma'aikacin lafiya ya bayar.
3. A yi wa yara rigakafin ƙyanda, a karɓi bitamin A.
4. In an zo rabon magani, kowa ya fito.
5. Yana tana warkewa a asibiti. Kada a ba mai tsinke ido.
6. Wanda ya kai 40 ya je a auna shi ko ba ya jin kome.
7. Zogi, ko raguwar gani, ko farin ɗigo, ko mugunya a idon jariri: a tafi a ran nan.
8. A yi rajistar taimakekeniya tun ana lafiya.

In akwai makaho a gidanku wanda likitan ido bai taɓa dubawa ba, ku kawo shi a duba. Ya yiwu yana ce kawai. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, ya bar mu da ganinmu.